Muciyar Gwaggo da Amfiya Shida

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya kafa mana wutar sola a ƙauyukan ƙasar Makoda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya.

"Malama, wallahi ba ni na rufe muku wuta ba. Na'ura ce ta rufe, ita kuwa ba ta jin Hausa." Haka Malam Bukar, jami'inku na ƙaramin ofishin da ke kula da yankinmu, ya faɗa mini yana juyo da fuskar kwamfutarsa don in gani da idona. Na gani. Tun da na'urar ba ta jin Hausa, na ga ya fi in rubuto wa wanda ya sayo ta.

Sunana Hadiza. Ina koyar da Fiziks a makarantar sakandaren 'yan mata, kuma tun rasuwar maigidana nake zaune a gidan mahaifina, Malam Sani, mai karantar da manya littattafan fiƙihu a zaurensa. Baba yana da ciwon suga, allurar insulin yake yi safe da yamma. Ita ce dalilin wannan takarda, don ga shi an rufe mitar gidanmu a tsakiyar bazara, firijin da ake ajiye masa maganin ya zama akwatin banza.

Kafin in kai ƙara, bari in ba ka haƙƙinka. Na girma ina kallon turakun wuta a bakin hanyarmu, ba waya a kansu, sai dai awaki su sosa jiki. Janaretan da yayyena suka haɗa kuɗi suka saya ya yi shiru tun da fetur ya fi ƙarfin manomi, yanzu kaji ke ƙwai a bayansa. Ku kuka zo kuka shimfiɗa farantanku na sola a tsohon filin sussuka, kuka ce za a ga wuta, aka kuma gan ta. Ba ta yi mana wasan ɓuya ba, ba ta taɓa ƙona mana kaya ba. A ƙasar nan, wanda ya faɗi abu ya cika ya cancanci a faɗa a fili. Saboda na ɗauke ku mutanen kirki ne nake ɓata tawadata.

Na farko: zaure kuka ƙirga.

Ranar da ma'aikatanku suka zo rajista, samari ne masu ladabi. Suka yi sallama, suka tsaya a waje kamar yadda ya dace da baƙo namiji, suka sha ruwa, suka rubuta: gida ɗaya. Ba su yi ƙarya ba, ƙofa ɗaya suka gani. Amma a bayan wannan zauren sassa bakwai ne, tukunya bakwai ake ɗorawa. Akwai Baba, da ƙannensa biyu, da yayyena da matansu, da ni, da Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ta girmi kowa a gidan. A wurinmu haka gida yake, gona ɗaya ake nomawa, ƙofa ɗaya ake shiga. Kuka ba mu mita ɗaya mai amfiya shida, daidai da abin da kuka ba wani malamin asibiti da ke haya shi kaɗai a ɗaki biyu. Da muka nemi ƙari aka ce sai an sake zagayen rajista. Har yanzu zagayen bai zagayo ba.

Na biyu: abin da muka yi da shidan.

Ba mu zauna ƙorafi ba. Wata Juma'a da hantsi na sa aka fito da duk abin da ake jonawa a wuta, aka jera a tabarma a tsakar gida. Na nuna wa matan gidan cewa kowane kaya yana da 'yar takarda a gindinsa ko a bayansa, da lamba da harafin W a gefenta, wato wat, ƙarfin da yake ci. Wutarku bolt ɗari biyu da ashirin ce. Ka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da kayan zai ja ta cikin waya. Lissafin ke nan gaba ɗaya. 'Yan aji huɗu nake koya wa shi, su ma suna hamma.

A bangon madafa na rubuta da gawayi. Ƙwan fitila wat goma ne, guda ashirin ɗin da ke gidan duka ba su cika amfiya ɗaya ba. Fanka tana cin kusan sulusin amfiya, bakwai ɗinmu sun ɗan haura biyu. Firiji yana tafiya da ɗaya, amma duk lokacin da injinsa zai tashi yakan fizgi ninki uku ko huɗu na ɗan ƙiftawar ido. Cajin wayoyi da talabijin, a ba su rabi. Sai dutsen guga: wat dubu, a raba da ɗari biyu da ashirin, amfiya huɗu da rabi shi kaɗai. Ke nan in ana guga injin firiji ya tashi, an wuce shida, wuta ta ɗauke.

Gwaggo Asabe ba ta yi boko ba, kuma ba ta nuna sha'awar rabawa da ninkawa ba. Ta dai saurara tana ɓarar gyaɗa, da na gama ta ce, "To, Dije, mudu shida ne a rumbun, kuma wannan mai gugar cin baƙon biki yake yi. Na ji. Amma ke kina makaranta da safe, wa zai tsaya yana wannan lissafin?" Na ce sai kowa ya kiyaye. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda bai taɓa zama da mata goma sha ɗaya a gida ɗaya ba.

Washegari ta sa aka kafa ƙusa a jikin bangon ɗakinta, daidai saman soket ɗin firiji, ta rataye tsohuwar muciyar tuwo da bakinta ya cinye. Ta kafa doka. Duk mai son guga ko markaɗe da inji, ta zo ta karɓi muciya a hannunta. A lokacin za ta kashe firiji, a kashe fankoki ban da ta ɗakin Baba. Muciya ɗaya ce, don haka kaya mai nauyi ɗaya ne zai yi aiki a lokaci guda. In an gama a dawo da ita, Gwaggo ta kunna firiji. Wanda ya sa aka kashe firiji shi ke riƙe da muciya, kuma ba a wuni da ita, balle a kwana. Duk mai wucewa ta ƙofar Gwaggo in ya ga ƙusa ba komai, ya san maganin Malam yana jira, sai ka ji ana cewa, "Wa ke da muciya? A yi sauri mana."

Ranka ya daɗe, na karanta yadda ake rarraba wuta a jami'a, da zane-zane da jarrabawa. Ban taɓa ganin tsarin da ya kai wannan sauƙi kuma aka bi shi ba. Ni na kawo rabawa, ita ta kawo mulki. Matar yayana, wadda ba a taɓa jin ta bi maganar kowa ba tare da ta ƙara tata ba, na gan ta ta bar rigar mijinta hannu ɗaya a goge ɗaya a yamutse, ta mayar da muciya, don ta ga rana ta take. Tun da aka kafa ƙusar nan har damina ta wuce, kaka ta wuce, mitarmu ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Kwamfutarku za ta shaida, in tana ajiye alheri kamar yadda take ajiye laifi.

Na uku: ranar jere.

Ƙanena Nura ya yi aure, ya auro Sa'adatu daga Zakirai. Ka san al'ada, kafin a kawo amarya danginta mata ke zuwa su jera mata ɗaki: gado, kwanuka, kuloli, da duk abin da iyayenta suka yi shekaru suna tarawa. A wannan zamanin kayan wuta sun shiga cikin jere, kuma ba a barin su a kwali. Sai an jona kowanne a gaban dangin ango, a ga yana aiki, don kada gobe a ce uban yarinya ya kawo mataccen kaya. Mahaifinta manomi ne. A shekarun nan da buhun taki ya zama abin da ake yi wa addu'a, ya saya wa 'yarsa dutsen guga da injin markaɗe da butar lantarki. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma 'yan'uwansa sun zo ne a gani.

Shugabar 'yan jeren gwaggon amarya ce, Hajiya Tabawa, mace mai murya da zobba. Ta sa aka jona ukun a lokaci guda. Wuta ta ɗauke. Mitarku takan dawo da kanta bayan ɗan jim, sai ta dawo.

A nan ne nake so ka fahimci abin da na'urarka ba za ta fahimta ba. Duk matan gidanmu sun san abin da ya faru, har ƙananan yara sun sani. Amma waɗannan surukai ne, yau suka fara taka gidan. Ka ce musu kada su jona, ka ce gidanku bai iya ɗaukar kayan 'yarsu ba, ko kuma kana baƙin ciki da abin da aka kawo mata. Magana ce da za a riƙa tunawa har ranar sunan jikoki. Ni yayar ango ce, bakina ya fi na kowa nauyi a ranar. Ina tsaye da tiren zoɓo, da digirina, ina kallon gindin butar daga nesa ina karanta lambar: wat dubu ɗaya da ɗari biyar.

Gwaggo ta yi iya abin da mutunci ya yarda. Ta leƙa ta ce, "Hajiya, ku taso ga abinci zai huce, kayan ai ba gudu za su yi ba." Hajiya Tabawa ta ce, "Yanzu, Yaya, mu ga ƙarshen wannan tukuna." Aka cire dutsen guga, aka sake kunnawa. Wuta ta sake ɗaukewa. Gwaggo ta ce, "Wutar garin namu ba ta saba da manyan baƙi ba, kunya take ji. A bar ta ta huce zuwa gobe." Aka yi dariya, amma fuskar Hajiya ta riga ta canza, don ta fara zargin butar ce ba ta da lafiya. Ta ce, "A gabana aka gwada ta a birni, ta tafasa ruwa kafin in gama ɗaura ɗankwali. Ku cire komai, a bar ta ita kaɗai."

Dubu ɗaya da ɗari biyar a raba da ɗari biyu da ashirin, kusan amfiya bakwai ke nan. Ko da duk gidan an kashe, ko da muciyar tana hannun Hajiya Tabawa, butar nan ta fi ƙarfin mitarmu. Lafiyarta lau, gidan ne aka auna masa kaɗan. Wuta ta ɗauke karo na uku, ba ta kuma dawowa ba. Ashe a tsarinku, mitar da ta faɗi sau uku a jere rufe ta ake yi, a sa mata alamar ana zargin ana sana'a da layin gida, sai injiniya ya zo daga Kano ya bincika. Ba wanda ya taɓa gaya mana haka, da Hausa ko da wani yare.

Na huɗu: abin da ke cikin firijin.

Insulin ba ya son zafi. Likitan Baba ya ce kwalbar da aka fara amfani da ita za ta iya jure 'yan makonni a wuri mai sanyi-sanyi, sauran kuwa sai firiji. Kuma in ya lalace ba lallai ya canza kala ko ya yi wari ba, sai dai ka ga ana allura suga yana hawa. Da yake maganin yana wuyar samu yanzu, ɗaliban Baba ne suka haɗu suka sayo masa na watanni a lokaci guda. Duka yana cikin firijin nan, a watan da ko ƙadangare ba ya tsayawa a kan dutse da rana.

Baba da aka gaya masa, cewa ya yi kada a bari amarya ta ji, kada ta shigo gida da nauyi a zuciya. A gida mai sassa bakwai, wannan umarni ne da ba a iya bi. Kwana biyu da tarewarta, tana cikin lulluɓi, lalle bai bar hannunta ba, ta aiko a kira ni. Na tarar ta juya kwalin butar ta yi rabawar da biro a bayansa, ta samu shida da ɗigo takwas. Ta ce, "Yaya, haka ne ko na yi kuskure?" Na ce haka ne. Ta mayar da butar cikin kwali ta tura ƙarƙashin gado. Sannan ta tashi ta nufi jeren kulolinta, irin masu riƙe zafi da sanyi, 'yan saiti da aka jera daga babba zuwa ƙarama. Ta zare ta tsakiya ta miƙo mini. Na ce, "Sa'a, za ki ɓata jeren, mutane ba su gama zuwa ganin ɗaki ba." Ta ce, "Sai su ga giɓi. A sa maganin Baba."

Mace ce kawai za ta gane girman wannan, amma ka tambayi uwargida, za ta yi maka bayani.

Da kular nan muka yi ta fama. Ana sayo ƙanƙara daga Makoda a kan babur, rabinta ya narke a hanya. A naɗe kwalaben a tsumma don kada su taɓa ƙanƙarar, tun da daskarewa ma lalata shi take yi. A binne kular a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Matan gidan suka raba wa kansu duba ta ba tare da an sa su ba. Amma mai ƙanƙara ba kullum yake da ita ba, kuma ranar da aka rasa, na ga Gwaggo ta sa hannu cikin kular tana laluben sauran sanyi.

Na biyar: ofishinku.

Shi ya sa na ɗauki kular na tafi wurin Malam Bukar. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba kowane mai teburi ke yi ba. Ya yi rabawar da kansa a waya, ya yi murmushi ya ce a gidansu ma an taɓa yin irin wannan da hita ranar suna. Ya kira Kano a gabana, aka ce an sa mu a layi. Ya tambayi tsawon layin, aka ce ba a sani ba. Ya ajiye wayar ya dubi kular. Sai ya buɗe ɗan firijin ofis, ya fito da ruwansa da furarsa ya ajiye a ƙasa, ya jera kwalaben Baba a ciki, ya bar mini ɗaya da za a riƙa amfani da ita. Ya ce ko ranar da ba aiki, in ana bukata a kira shi zai zo ya buɗe. Na ce zan rubuta maka, in ɓoye wannan? Ya ce, "Rubuta, Malama. In za a kore ni a kan firiji, gara a san abin da ke ciki."

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A buɗe mana mitarmu. Ba sana'a muke yi ba, biki muka yi.

A sake rajista, a ƙirga tukunya maimakon zaure. Ku ɗauki mata cikin masu ƙidayar, su za su iya shiga ciki su gani. Kowane sashe a ba shi mitarsa, ko a ƙara wa gidan amfiya daidai da mutanensa. Za mu biya abin da muka sha, kamar yadda muka saba.

A liƙa takarda da Hausa, boko da ajami, a jikin kowace mita: ga amfiyar gidanku, ga yadda ake raba wat da bolt, ga abin da buta da hita da dutsen guga ke ja, ga abin da zai faru in ta faɗi sau uku. A kuma faɗa a masallatai da kasuwanni kafin lokacin bukukuwa, don iyayen amare su san abin da za su saya. Abin da mu ba za mu iya gaya wa surukai ba, takardarku za ta faɗa ba wanda zai ji haushi.

Gidan da aka san akwai magani a firijinsa, kada na'ura ta rufe shi sai mutum ya duba.

Malam Bukar kuma, in akwai dokar da ya taka, a gyara dokar.

Allah Ya ƙara wa kamfaninka albarka, Ya tsare farantanku daga iska da ɓarayi, Ya ba ka lafiyar da ba ta bukatar firiji. Allah Ya jiƙan magabatanka, Ya sa hasken da ka kai gidajen mutane ya zame maka haske ranar da ake nemansa.

Saura abu ɗaya. Da zan fito daga gida ran nan, Gwaggo ta sauke muciyar daga ƙusa ta cusa mini a jaka. Na ce me zan yi da ita a ofis? Ta ce, "Wa ya kashe firiji?" Na ce kamfani. Ta ce, "To, a kai musu. Ki gaya musu dokar."

Na gaya wa Malam Bukar dokar. Bai yi dariya ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora ta a kan kwamfutar, ya ce shi ɗan aike ne, mai ita yana Kano. Lokacin sallar la'asar ya yi, ya rako ni waje, ya ja ƙofar ofis ya sa kwaɗo, maganin mahaifina da muciyar Gwaggo suna ciki. Na hau babur da kular amarya a cinyata, kwalba ɗaya tana motsi a cikinta.

Muciyar tana wurinka, ranka ya daɗe. Ƙusar tana nan ba komai, duk mai wucewa yana dubawa. A gidanmu ba a kwana da ita.

Wassalam.

Taka mai girmama aikinka,
Malama Hadiza,
daga gidan Malam mai zaure ɗaya.